Ranar da Mahaifiyata Ta Ce Ni Ƙanenta Ne

Da la'asar ne, ina sito ana ɗaure mini dilolin dogayen rigunan da na sayo a kasuwar Shahe ta nan Chana, wayar Baffa ta shigo. Baffa wan mahaifina ne, shi na roƙa ya raka mahaifiyata Abuja, ofishin da ake neman bizar Chana. Tun daga sallamarsa na san babu labari mai daɗi, domin Baffa in abu ya yi kyau ba ya tsayawa doguwar gaisuwa, in kuwa ya lalace sai ya tambayi lafiyar kowa har da ta maƙwabta. Ya tambayi mai ɗakina, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ko ana ruwa a wajenmu. Na ce Baffa don Allah a faɗa mini. Ya ce an dawo da fasfo, babu komai a cikinsa.

Na fita bakin ƙofa saboda ƙarar salatif da masu ɗauri suke ja. Na tambaye shi wace takarda ce ba ta cika ba, don na san na haɗa komai: takardar gayyata, kwafin izinin zamana, rajistar kamfanina, har takardar gidan da muke haya a unguwar Panyu. Ya ce ba maganar takarda ba ce. An kira ta gaban taga, an ɗaga hotona, tafintan ofishin ya tambaye ta da Hausa mene ne tsakaninta da wannan mutum. Ta sunkuyar da kai ta ce ƙanenta ne. Aka ce mata ai a takarda ɗa aka rubuta. Ta ce ɗan Inna ne. Aka ce to ta faɗi sunansa, ta yi shiru har aka gaji da jira. Baffa ya yunƙura zai gyara, aka ce masa mai nema ce kaɗai za ta amsa.

Ban san lokacin da na zauna a kan dila ba. Laoban mai siton, wato mai gidan wajen, ya leƙo yana tambaya ko kaya ne suka ɓata. Na girgiza masa kai. Ta ina zan fara yi masa bayani?

Wanda ba namu ba zai ce ƙarya ta yi, ko tsufa ne ya ruɗa ta. Ba ko ɗaya. Ni ɗan fari ne. An kai ni yaye gidan kakata ta wajen uwa, wadda kowa yake kira Inna, ban kuma dawo gidanmu ba sai da na isa shiga sakandare. A can na tashi ina jin ƙannen mahaifiyata suna ce mata Yaya, ni ma na ɗauka, har yau da furfura a gemuna Yaya nake ce mata. Ita kuwa ba ta taɓa kama sunana ba. In hira ta biyo ta kaina sai ta ce ɗan Inna, in tana cikin raha ta ce ƙanen nan nawa, da na zo nan kuma na koma mutumin Chana. Ba ta taɓa tsayawa ta kalli fuskata ba. In na durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Ranar da na faɗo daga katanga na karye a hannu, kowa ya taru a kaina, ita tana bakin murhu tana fifita wutar da ta riga ta kama. Daga baya Inna ta gaya mini kwana uku ba ta iya cin abinci ba. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma a unguwarmu yabon mace ake yi da ita. Ni kaina alfahari nake yi, ina gaya wa abokai tawa uwar irin ta mutanen dā ce.

Ba don ta zo ta ga gari nake son kawo ta ba. Mahaifina ya rasu, ƙanwata wadda ita kaɗai ta rayu a bayana ta bi shi bayan shekara biyu, wajen haihuwa. Gidanmu na Gwammaja ya rage daga Yaya sai 'yan haya. Sai kuma ga hawan jinin ido ya kama ta. Na hagu ya tafi tun kafin a gane abin da ake ciki. Likita a Kano ya ce na dama zai iya daɗewa, muddin ana ɗiga magani safe da yamma ba fashi, ana kuma zuwa awo. Ba likita aka rasa a Kano ba, wanda zai tsare ta da maganin aka rasa. Yaya in ido bai yi mata zafi ba, to a wajenta ya warke, sai ta ajiye kwalbar a kan taga ta ce kada a yi almubazzaranci. 'Yan haya ba za su iya yi mata faɗa ba. Baffa kunyarsa take ji, shi ma tata yake ji. Mai ɗakina ce kaɗai ta san kanta, da tsokana da lallashi take bi da ita har ta ɗaga kai a ɗiga. Dokar nan kuma ta yarda mai izinin aiki ya kawo iyayensa su zauna a ƙarƙashinsa, in ya nuna cewa iyayen nasa ne. Abin da ya rage mana a lokacin ido ɗaya ne, shi nake son in tsere da shi.

Za a ce me ya hana ni komawa gida? Na sha yi wa kaina wannan tambayar. Shekara goma sha huɗu ina garin nan, masu shaguna a Kwari ni suke turo wa oda, yara biyu suna makaranta, Hausarsu ma sai an yi da gaske. Mai ɗakina ta ce bari ita ta je ta zauna da Yaya kafin biza ta fito. Na ce wace irin tafiya ana maganar wata biyu? Gaskiyar magana na ga kawo ta ya fi mini sauƙi a kan in tayar da zamana, sai na kira hakan dabara.

Washegarin wayar Baffa na kira Yaya. Ina da zuciya, wannan ba sai an gaya mini ba, gadon mahaifina ce. Amma ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ran nan. A tsaye nake a tashar metiro, jirgin ƙasan cikin gari, mutane suna ratsa ni ta ko'ina, ina zuba kamar an kunna famfo. Na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce wata huɗu na yi ina haɗa takardu, ina bin layi, ina biyan masu fassara. Na ce mutanen nan ba su san wata kunya irin tamu ba, abin da baki ya faɗa shi suke rubutawa, kuma kalma ɗaya ce tal aka nema a wajenta. Ta bar ni har na gama, sannan ta yi magana a hankali.

"A gaban wan mijina kake so in ce na haifa?"

Nan take na gane kuskuren nawa ne. Da mace na haɗa ta da ita, ko ɗaya daga cikin 'yan haya, wataƙila da ta daure ta faɗa a ciki-ciki. Na zaɓi Baffa don ya san Abuja kuma yana jin Turanci, ban tuna komai ba bayan wannan. Shekara goma sha huɗu a ƙasar mutane sun sa na manta abin da yaron goye ya sani a gidanmu. Amma maimakon in ba ta haƙuri, sai zuciya ta ɗebe ni na ce to ta zauna da kunyarta, na kashe waya. Allah na tuba, wallahi haka na faɗa wa uwar da ta haife ni.

Sati bakwai ban kira ta ba. Mai ɗakina tana kiranta kullum da yamma, lokacin can safiya ce, tana miƙo mini waya ina yi mata alama da hannu wai ba na nan. Lokacin odar sallah ne, na samu abin fakewa. Tun da sassafe ina kasuwar tufafi ta Shisanhang, ina kutsawa tsakanin masu jan kura da dillalai, kowane shago na nemi kalar da aka turo mini a ce meyo, wato babu, in ƙara gaba. In na dawo na ci abinci na kwanta. Takardun kuwa suna cikin jakar leda a kan firji, ko kallonsu ba na yi. A ganina horo nake yi mata. Ban tsaya na tambayi kaina wa yake ɗiga mata magani a wannan tsakanin ba.

Wani abokina ɗan Maraɗi ne ya dawo da ni hayyacina. Sito ɗaya muke ajiye kaya da shi, ya girme ni, kuma ba ya jin nauyin bakinsa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna cin shinkafa, ya tambaye ni yaushe tsohuwa za ta iso. Na kwashe labari na gaya masa, ina jiran ya taya ni jin haushi. Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce Bakano dai zuciya kamar ashana. Da ya gama dariyar sai ya ce tasa uwar ma haka ta yi har ta koma ga Allah, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma da za a dawo masa da ita ta ce shi bawanta ne ma ya yarda. Ya ture kwanon gefe ya dube ni.

"Dosiye, fayil in ji ku, ba shi hushi da kowa, ba shi kuma jiran mai hushi. Tashi ka ɗauko takardunka."

Shi ya kai ni wajen wata 'yar Chana mai ofishin cike wa baƙi takardu. Ta baje kwafin fasfona da na Yaya a kan tebur, ta ɗora bakin biro a kan shekarar haihuwarta, ta ɗora a kan tawa. Shekara goma sha biyu ce tsakaninmu a rubuce. Lokacin da Yaya za ta tafi Makka, wanda ya cike mata takardar fasfo kallonta kawai ya yi ya yanke mata shekaru, ba wanda ya damu, don mu a gida da shekarar wani abu ake tuna haihuwa, ba da lamba ba. Matar ta ce abin da ya sa aka kira ta gaban taga ke nan tun farko, ita kuma amsarta ta tabbatar musu da shakkar. Ta ce ƙin farko ba ya rufe ƙofa, amma nema na biyu dole ya amsa tambayar da ta kayar da na farko. Hanya mafi sauri gwajin jini, a tabbatar ita ta haife ni. In ba haka ba sai a gyara shekarunta a fasfo, a yi rantsuwa a kotu, a nemo duk wata tsohuwar takarda da ta haɗa sunanta da nawa.

Ni har na ji daɗi, na ce gwajin jini ai abu ne mai sauƙi. Na kira Baffa na gaya masa. Sai ya tambaye ni ko na ji wani ya yi wata magana ne a kan gidan ƙanensa. Na ce Baffa wannan na uwa ne, ba na uba ba. Ya ce mutanen unguwa ba sa sauraron bayani, abin da za su ji shi ne ɗan Chana ya sa an gwada jinin uwarsa, sauran kuma su ƙarasa da bakinsu. A wajenmu ba a ambaton gwajin jini sai in ana zargin ɗa ba na sunna ba ne. Na sake mantawa, karo na biyu.

A ranar na kira Yaya. Na shirya ban haƙuri mai tsawo, ba ta bar ni na fara ba. Ta amsa kamar jiya muka rabu, ta tambayi yara, ta tambayi ko har yanzu ƙaramar ba ta cin tuwo. Maganar gwajin kuwa ba ni ta ba amsa ba, mai ɗakina ta ba. Ta ce in yatsa ake so a yanka, amma ba za a ɗebi jininta don a tabbatar da abin da unguwa duka ta taru ta ci suna a kansa ba. Wannan karon ban yi musu ba. Muka kama doguwar hanya.

Doguwa ce kuwa. Gyaran shekaru a fasfo ba abin kwana ɗaya ba ne, kuma ba laifin kowa ba ne, haka tsarin yake: rantsuwa, shaidar mai unguwa, jira, sake ɗaukar hoto, sake jira. Baffa da wani tsohon maƙwabcinmu suka je kotu suka rantse sun halarci sunana. Kowace takarda sai an buga mata hatimi a nan, an kai ta can an sake bugawa, an fassara ta, an buga wa fassarar ma nata hatimin. Tsohuwar takarda kuwa muka nema muka rasa. Ta makarantar firamare sunan mahaifina kaɗai ke ciki. Har na cire rai, sai ga Baffa ya turo mini hoton wani kati da ya yi jawur don tsufa, katin awon jarirai na asibitin unguwa, ga sunanta a sama, ga nawa a ƙasa, ga nauyina wata bayan wata. Ya ce Yaya ce ta aiko masa, wai a cikin kayan Inna aka tsinta. Bayan kwana biyu 'yar hayarmu, wata bazawara mai sayar da ƙosai, ta tsegunta wa mai ɗakina cewa ba wasu kayan Inna. A gabanta Yaya ta ciro shi daga ƙasan akwatinta, a naɗe cikin farin yadin da ta ajiye na likkafaninta, tare da wata 'yar hular saƙa ta jariri. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada yara su ji ni.

A wannan tsakanin mai ɗakina ta ɗauki aikin koya mata amsa. Kullum in ta kira sai ta maƙe murya ta zama ma'aikaciyar biza, ta ce Hajiya wane ne wannan a hoto? Yaya ta ce mijinki ne. Ta ce a'a, ke mene ne naki? Ta ce uban jikokin Inna ne. Su yi ta dariya su biyu, ni ina gefe ina cizon yatsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji mai ɗakina, amma goran nan ya ƙi fafuwa, ko sau ɗaya ba ta kai ga kalmar ba.

A cikin hirarrakin nan ne wasu maganganu suka fara fitowa, na ji su da kunnena kuma na yi kamar ban ji ba. Ta ce ƙwayayen fitilar yanzu ba su da haske. Ta ce ta daina zuwa islamiyya saboda an ɓata hanya da ramuka. Wata rana muna magana wani ya yi sallama, na ji tana tambaya wane ne, alhali mai ƙosai ce da suke kwana gida ɗaya. Mai ɗakina ta tambaye ta magani, ta ce kwalbar tana nan lafiya lau, ko rabi ba ta yi ba, tana faɗa kamar abin yabo. Kwalbar da ya kamata a ce an sayi ta huɗu a bayanta. Mai ɗakina ta sake cewa a bar ta ta tafi. Na ce saura hatimi ɗaya. Kullum saura hatimi ɗaya, har wata goma sha ɗaya suka cika daga ranar wayar Baffa.

Karo na biyu mai ƙosai ce ta raka ta Abuja. Ba a tambaye ta komai ba. Aka karɓi takardu, aka duba kati, aka ce su dawo, da suka dawo ga biza a manne. Yaya ta ce wa mai ɗakina Allah ya rufa asiri, kuma na san ba bizar take nufi ba, tambayar da ba a yi ba take nufi.

Wata Hajiya 'yar kasuwa da take zuwa sarin takalma ce ta riƙo mana ita a jirgi. Muka je filin jirgi mu huɗu, yara sun sha kayan sallarsu. Da aka turo ta a keken marasa lafiya na ɗauka gajiyar hanya ce. Ta rame, amma tana zaune a miƙe, mayafinta a gyare. Na durƙusa a gabanta na gaishe ta, sai ta juyo ta ɗora idanunta a kan fuskata, ta bar su a nan. Tunda nake ban taɓa ganin haka ba. Wani daɗi ya kama ni, na ce a raina ashe nisa ya kashe kunyar, ashe yau Yaya ta dube ni. Sai ta ce ina yaran, ba a zo da su ba? Suna tsaye a gabanta, ƙaramar ta miƙa mata hannu tun ɗazu.

Kwana uku da zuwanta na kai ta asibitin ido. Likitan ya daɗe yana haska mata fitila, ya sa ta a na'ura, ya sake haskawa. Chanancina na kasuwa ne, farashi da kala da girman riga, don haka yawancin abin da ya faɗa ya wuce ni. Amma kalmar da ya ƙare da ita kullum ina jinta a bakin masu shago: meyo. Ya ga ban motsa ba, sai ya juya zuwa Turanci a hankali. Ya ce jijiyar ta mutu, ba aiki ko magani da zai dawo da ita. Ya tambayi yaushe ta daina ɗiga magani. Ya ce da bara ne, da akwai abin da za a tsare. Bara ina da sati bakwai a hannuna, na kashe su wajen fushi, ina kuma da mata da ta roƙe ni sau biyu in bar ta ta tafi.

A mota Yaya ta tambaye ni me ya ce. Na ce zai ba da wani sabon magani. Ta ce ba sai na ɓoye mata ba, ita tun azumi ta sani. Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba?

"Na ga an wahala a kan takardun nan. Na ce kada a ce wahalar ta tashi a banza."

Ko a nan ba ta ce ka wahala ba, an wahala ta ce. Na juya ina kallon gadoji da dogayen gidaje ta taga, garin da na yi shekara ina zana mata shi a waya, ina cewa sai kin zo kin gani.

Bizar da ta shigo da ita sai an mayar da ita izinin zama kafin wata ya cika. Muka yi gwajin lafiya, muka yi rajistar gida, ranar da aka sa mana mu je ofishin muka hau metiro daga Panyu ni da ita, don mai ɗakina ta kai yara makaranta. Ba ta yarda ta riƙe hannuna ba, gefen rigata ta kama da yatsa biyu, haka muka ratsa tashar. A ofishin muka zauna har aka kira lambarmu. Ma'aikaciyar wata matashiya ce mai tabarau. Ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan katin awo ta juya shi gaba da baya, sannan ta duba kwamfuta ta ɗan daɗe. Ina jin ƙin farko ta gani. Ta ɗago ta ce in tambayi tsohuwar, ni mene ne nata.

A nan babu tafinta sai ni. Na sunkuya kusa da kunnen Yaya na ce tambayar nan ce ta Abuja suka sake yi, amma kada ta damu, yarinyar ba ta jin Hausa. Na ce ta faɗi duk abin da ta ga dama, ko ƙanenta, ko ɗan Inna, ko ma gaisuwa ta yi, ni zan juya mata yadda ya kamata. Da gaske nake. Na riga na gaji da neman kalmar nan, ta ci mana abin da ya fi ta.

Yaya ta saki gefen rigata, ta lalubo hannuna ta riƙe a wuyan hannu, daidai inda na taɓa karyewa. Ta juyo inda muryata take. Sai ta kama sunana, cikakkensa, yadda aka raɗa mini ranar suna, ba a gajarce yadda abokai suke kira ba.

"Ɗana ne," ta ce. "Shi na fara haifa."

Ma'aikaciyar tana kallona tana jiran fassara. Kalmar ɗa da Chananci ba wuya gare ta ba, kullum ina faɗarta a makarantar yara. Na buɗe baki ta ƙi fitowa. Na sake gwadawa. Yarinyar ta dube ni, ta dubi hannun Yaya a kan nawa, ta jawo takardar ta rubuta wani abu ta ce mu dawo karɓar fasfo. Shekara ɗaya aka ba ta, ana sabuntawa.

Tana nan tare da mu. Ɗakinta ne mai taga ta wajen rana, don ta ce tana jin ɗumin ko ba ta ga hasken ba. Mai ɗakina tana ɗiga mata magani safe da yamma ba fashi, saboda kada idon ya yi ciwo, yanzu kuma ba ta musu, da an zo take ɗaga kai. Yara sun koyi kama hannunta su ɗora a kan kawunansu ta gane wane ne ya fi tsawo. Ba ta sake kama sunana ba, ban kuma nema ba. Na koma ɗan Inna, in tana raha na koma ƙanen nan nata. Da safe kafin in tafi Shahe nakan shiga in durƙusa in gaishe ta, ta juyo ta ɗora idanunta a kan fuskata ta amsa, ta tambaye ni ko na karya. Ni ne yanzu nake kallon bango.